Kun ja kibiya a taswira, kun manta da dutse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta jaridar nan, amma ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuto maku ba sai yau. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne sharhin da kuka buga a shafin ƙasashen waje kan abin da kuka kira "mashigin Zangezur", haɗe da wata 'yar taswira da aka ja wa jar kibiya daga Azarbaijan zuwa yankinta na Nahcivan, wanda ƙasar Armeniya ta raba shi da ita. Marubucin ya yi ƙoƙari, ban raina masa ba. Sai dai duk wanda ya karanta shafin zai tashi da zaton cewa wurin nan wani fili ne fetal, kamar zaure tsakanin gidaje biyu da maƙwabci ya garƙame don ƙeta. Ni kuwa na taka ƙasar da ƙafata. Shekara 31 na yi ina aikin safiyo na hanyoyin mota kafin na yi ritaya, kuma tun ina yaron aiki mai riƙe sandar awo maigidana yake ce mini jan layi a takarda ba ya cin minti ɗaya, amma a ƙasa dutse ne zai gaya maka inda za ka bi.

Mu fara da suna, don a nan ma akwai magana. Lardin da kibiyarku ta ratsa sunansa Siyunik, shi ne ƙurewar kudancin Armeniya. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 4,500, kuma ƙidayar 2011 ta sami mutum 141,771 a cikinsa. Nahcivan na yamma da shi, sauran ƙasar Azarbaijan na gabas, Iran na kudu, sai lardin Vayots Dzor daga arewa, wanda ta nan kaɗai yake haɗe da uwar ƙasarsa. Zangezur kuwa sunan jerin duwatsun da suka raba shi da Nahcivan ne, kuma sunan wata gunduma ce da gwamnatin sarkin Rasha ta kafa a 1868, hedikwatarta a Goris. Gundumar can ta fi lardin yau girma. Yankunan Lacin da Kubadli da Zangilan da ke hannun Azarbaijan duk a cikinta suke. A 2021 gwamnatin Azarbaijan da ke Baku ta raɗa wa nata ɓangaren suna "Zangezur ta Gabas", mai hankali kuwa ya san duk inda aka ce gabas ana nufin akwai yamma. Mutumin Yerevan, babban birnin Armeniya, da ya ji ka ce "mashigin Zangezur" ya riga ya san bakin wa ka ara. Jarida tana da damar ta ari bakin da ta ga dama, amma ya kamata ta san cewa aro ta yi.

A watan Oktoba na 2019 wani aiki ya kai ni Tabriz, a ƙasar Iran. Ɗana na biyu a lokacin yana karatun likita a Yerevan, sai na ce maimakon jirgi bari na bi ta ƙasa, shi kuma ya gangaro ya tarye ni a bakin iyaka. Da sassafe na ƙetare gadar kogin Aras daga Norduz zuwa Agarak, ina jan akwatina. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ganin dakarun Rasha a shingen Armeniya. Su ne ke gadin wurin a lokacin, sai da 2025 ta kama Armeniyawa suka karɓi shingen su kaɗai. Yaron nawa ya makara, kamar yadda ya saba tun yana firamare, don haka na sami wajen awa guda ina zaune a kan akwati ina kallon abin da duniya ke ta cece-kuce a kai yanzu.

Kogi ne mai ruwan laka, ba wani faɗi gare shi ba, yana gudu tsakanin duwatsu jajaye tsirara, ko ciyawar kirki babu. A ɓangaren Armeniya, abin da ke tsakanin ruwa da gindin dutse a wasu wuraren, idan ka cire wayar shingen iyaka da 'yar kwalta, babu inda akuya za ta kwanta. Iyakar Armeniya da Iran duka-dukanta kusan kilomita 44 ce, kuma wannan siririn bakin kogin shi ne "mashigin" naku. A zamanin Tarayyar Sobiyet layin dogo ya bi ta nan, daga Baku ya rungumi gefen kogin, ya ratsa Megri, ya shiga Nahcivan, ya ɓulla Yerevan. Yaƙin farko da Armeniya da Azarbaijan suka gwabza kan yankin Karabak ya kashe shi a farkon shekarun 1990. Direban da ɗana ya ɗauko, wani dattijo mutumin Kapan da ya taɓa aikin haƙar ma'adinai, ya biya da mu tsohuwar tashar jirgin ta Megri. Tarago ya yi tsatsa a tsaye, an daɗe da kwashe ƙarafan layin, ciyayi sun fito tsakanin tsakuwa. Na taka gaba kaɗan don na ga yadda injiniyoyin Sobiyet suka yi da dutsen. Inda ya matso har bakin ruwa sai su huda shi. Inda duwatsu ke gangarowa daga sama sai su yi wa layin rumfar kankare. Na daɗe a tsaye ina jinjina musu, har yaron ya ce, "Baba, ku da kuka zo hutu, kun koma aiki?"

Buƙatar Azarbaijan ba ƙarya ba ce, wannan in faɗa tun da wuri. Kusan kilomita 43 ne ke raba ta da Nahcivan, amma shekara talatin da 'yan kai ke nan sai dai ta bi ta sama ko ta zagaya ta cikin Iran. Bayan haka Nahcivan tana da 'yar gajeriyar iyaka da Turkiyya, don haka duk wanda ya buɗe wannan hanya ya haɗa Ankara da Baku har zuwa Tekun Kasbiya. Abin da sharhinku ya tsallake shi ne hanya ta biyu. Armeniya ba ta da teku. Turkiyya ta rufe iyakarta da ita tun 1993, ta Azarbaijan ma a rufe take tun lokacin yaƙi. Ƙofa biyu suka rage mata, Jojiya a arewa, Iran a kudu, kuma ƙofar kudun ita ce gadar nan da na ƙetare. Bututun iskar gas da ke zuwa daga Iran tun 2007 ta nan yankin ya shigo. Wato hanyar gabas zuwa yamma da hanyar arewa zuwa kudu a wuri guda suka gicce, a bakin kogin da ko faɗin filin ƙwallo bai kai ba a wasu wuraren. Rigimar duka a kan wanda zai riƙe makullin mararrabar ce: kwastan na wa, 'yan sandan wa, wa ke da ikon ya ce wannan mota ta tsaya.

Megri kanta 'yar ƙarama ce, mutum 4,580 a ƙidayar 2011, kuma sunanta daga kalmarsu ta zuma ya fito. Tana kusan mita 600 sama da teku, a lungun da zafi ke taruwa, shi ya sa rumman da ɓaure da inabi suke yi a can kamar ba a ƙasar dusar ƙanƙara ba. Mun dace da kakar rumman. Wata tsohuwa ta fasa mana guda da babban yatsanta, ruwan ya gangaro mata har gwiwar hannu, ta ƙi karɓar kuɗin wanda muka ci a tsaye, sai na wanda muka ɗauka a leda. A barandar gidaje an rataye wani ɗan itace mai launin ruwan goro da suke kira hurma, an feƙe shi an jera a zare yana bushewa.

Daga nan kuma sai hawa. Malam Edita, a nan nake so mai zana maku taswira ya zauna a kujerar gaba. Cikin tafiyar da ba ta cika kilomita 40 ba mota take tashi daga zafin Megri zuwa wuyan dutsen da ke mita 2,535. Kwana bisa kwana, kowace ta fi 'yar'uwarta tsanani. Tireloli masu lambar Iran suna rarrafe a giya ta ɗaya, masu saukowa kuwa tun daga nesa kake jin ƙaurin birkinsu. Kunnuwana suka toshe. Ni da na fito da safe ina fifita da jarida, kafin azahar ina karkarwa, sai da yaron ya cire rigar sanyinsa ya ba ni. Daga sama ana hango dutsen Kaputjug, mita 3,900 da ɗoriya, wanda Aragats ne kawai ya fi shi tsawo a Armeniya. Direban ya ce da hunturu sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa, wani lokacin kuma dusar ƙanƙara ta rufe wuyan ɗungurungum, manyan motoci su yi layi a ƙasa suna jira. Wannan ita ce babbar hanyar da ta haɗa ƙasa guda da maƙwabciyarta ta kudu. Shi ya sa ake shirin huda duwatsun: akwai sabon sashe daga Sisiyan zuwa Kajaran da aka tsara masa ramin ƙarƙashin dutse mai sama da kilomita 8, kuma a 2023 an ba kamfanonin Iran kwangilar sashen Agarak zuwa Kajaran. Wanda ya san kuɗin huda mita ɗaya na dutse ya san ƙasa ba ta shiga wannan bashin don nishaɗi.

Da muka gangara sai ga Kajaran, garin da ma'adinai ya haifa. Wani ƙaton rami ne aka yanka a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, ana tono jan ƙarfe da molibdenum, ƙarfen nan da ake gauraya wa baƙin ƙarfe don ya jure zafi. Tun farkon shekarun 1950 ake aikin, kuma kamfanin da ke tonon yana sahun gaba cikin masu biyan haraji a Armeniya baki ɗaya. Mutum dubu bakwai da 'yan kai ne a garin, amma baitulmalin Yerevan yana jin motsinsu. Dattin da ake tacewa kuma ana tura shi wani makeken tafki kusa da Kapan, ruwansa wani irin kore da ba na Allah da Annabi ba, kuma masu kare muhalli sun daɗe suna kokawa kan kogin Vogji, wanda yake gangarawa cikin Azarbaijan.

Kapan, hedikwatar lardin, mutum 43,190 a waccan ƙidaya, ba ta da faɗi, tsawo gare ta. An shimfiɗa ta kamar igiya a kwarin Vogji, benayen zamanin Sobiyet suna hawa gangaren dutse ɗaya bayan ɗaya, har tagar wani ta yi daidai da rufin wani. A kanta dutsen Hustup yake tsaye, mita 3,200 da wani abu. A nan muka kwana biyu, kuma a nan na gane cewa tarihin lardin nan labari ɗaya ne ake maimaitawa: mai ƙarfi ya cinye kwari, 'yan tsiraru su haye dutse su ƙi saukowa. A shekarar 987 sarakunan Siyunik suka ayyana masarautarsu, ta rayu har 1170, bayan sauran masarautun Armeniya sun faɗi. A shekarar ce Turkawan Saljuk suka ci ganuwar Bagaberd, wadda kangonta yana nan a kan hanyar Kajaran, kuma malamin tarihinsu Stepanos Orbeliyan, wanda ya rubuta tarihin lardin a ƙarshen ƙarni na 13, ya ce littattafai na rubutun hannu dubu goma suka salwanta a can. A 1722 wani jarumi Davit Bek ya zo daga Jojiya ya haɗa kan sarakunan ƙauyuka, ya kafa sansani a ganuwar Halidzor kusa da Kapan, kuma a 1727 ya kori rundunar Daular Usmaniyya da ta ninka tasa nesa ba kusa ba. Mutum-mutuminsa a kan doki yana tsakiyar garin.

Na ƙarshe cikin jerin shi ne Garegin Nzhdeh. Lokacin da Jar Runduna, wato sojojin Sobiyet, ta shiga Armeniya, shi ya haye duwatsun nan ya ƙi miƙa wuya, har a ranar 26 ga Afrilu 1921 aka ayyana "Jamhuriyar Armeniya ta Duwatsu" a Tatev. Watan Yuli na shekarar ya ƙetare Aras zuwa Iran, amma Zangezur ta zauna a cikin Armeniyar Sobiyet, kuma mutanen lardin sun yi imani da ba don shi ba da an haɗe ta da Azarbaijan. Mutumin yana da tabo: daga baya ya yi hulɗa da Jamus ta 'yan Nazi, Sobiyet ta kama shi, ya mutu a kurkukun Vladimir a 1955. Duk da haka an binne wani sashe na ƙasusuwansa a gangaren Hustup, kuma ba na ba baƙo shawarar ya aibata shi a shagon shayin Kapan.

Akwai kuma rabin labarin da ba a kafa wa mutum-mutumi ba, kuma adalci ya sa dole na faɗa. Ƙidayar Rasha ta 1897 ta nuna Musulmi masu jin harshen Turkanci, kakannin Azarbaijanawan yau, sun ɗan haura rabin mutanen tsohuwar gundumar Zangezur. Tsakanin 1918 da 1920 an yi kashe-kashe munana, an ƙona ƙauyukan Musulmi da yawa a wannan lardi, kamar yadda aka ƙona na Armeniyawa a wasu wuraren. Waɗanda suka rage sun zauna har 1988, sannan rikicin Karabak ya kore su, a daidai lokacin da ake korar Armeniyawa daga Baku da Sumgayit. Direbanmu da kansa ya rage gudu a wata kwana ya nuna mana wata maƙabarta da ciyawa ta cinye. Ɗana ya fassara mini: ya ce yana yaro mahaifinsa a ƙauyen nan yake sayen cuku da rago, kuma sun san juna da suna. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na yi wa mamatan addu'a a zuci muka wuce.

Wannan ya kawo ni kan jimlar da ta fi ɓata mini rai a sharhin, inda aka nuna kamar rigimar Musulmi da Kirista ce. Na san abin da zai fi shiga kunnen mai karatu ke nan, amma lissafin ba ya fita. Armeniya ƙasar Kiristoci ce tun ƙarni na 4, gaskiya ne, Azarbaijan kuma yawancin mutanenta Musulmi ne 'yan Shi'a. To wace ƙasa ce ta fi kowa ɗaga murya cewa ba za ta yarda a taɓa iyakar Siyunik ba? Iran. A watan Oktoba na 2022 har ƙaramin ofishin jakadanci ta buɗe a Kapan. Wa kuma ke sayar wa Azarbaijan jirage marasa matuƙi? Turkiyya da Isra'ila. Wanda ya shiga maganar nan da ma'aunin addini zai fito da awo na ƙarya. Maganar hanya ce da iyaka da bututu.

Daga Kapan zuwa Goris mun bi wata hanya mai daji a gefe da gefe, ban ma san cewa ina ƙetare wata iyaka ba. Ashe injiniyoyin Sobiyet, da yake ƙasa ɗaya ce a lokacin, sun bi inda dutse ya yi sauƙi ne, hanyar tana shiga Azarbaijan tana fita. Da ni ne da ma'aunina ma haka zan yi. Bayan yaƙin Karabak na biyu a 2020, da Azarbaijan ta karɓe Kubadli, kusan kilomita 21 na hanyar suka koma hannunta, a 2021 ta kafa shingayen kwastan, hanyar ta mutu ga Armeniyawa. Dole aka karkata komai, har tirelolin Iran, ta wata hanyar ƙauye da ke bi ta Tatev, mai kwanonin da ba a yi su don doguwar mota ba. Mutanen Siyunik sun ga wannan da idonsu. Idan ka ce musu hanyar da za a buɗe a Megri ta wucewa ce kawai, abin da suke tunawa ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Goris ta burge ni, don an tsara ta da ma'auni, tituna a miƙe suna gicciye juna, gidajen dutse masu baranda, mutum dubu ashirin da 'yan kai. A ƙetaren rafi kuma ga tsohon garin, wasu duwatsu masu tsini kamar an jera malafa, duk an huda su an yi ɗakuna. Amma wanda ya fi shi ne wani ƙauye da ke gabas kaɗan, Khndzoresk, sunan da har na baro ƙasar harshena bai iya shi ba. Kwazazzabo ne guda cike da koguna da mutane suka sassaƙa a jikin dutse, wani bisa wani, har rufin wannan ya zama tsakar gidan wancan. Cikinsu aka zauna har shekarun 1950, sannan gwamnati ta mayar da mutane sabon ƙauye a kan tudu. A 2012 an ɗaura wata gada mai lilo, tsawonta mita 160, ramin da ke ƙarƙashinta ya haura mita 60. Ƙasanta raga ce ta ƙarfe, kana tafiya kana ganin kan bishiyoyi a ƙarƙashin takalminka. Ni da na yi rayuwata a kan gadoji, a tsakiyar wannan na tsaya na riƙe waya da hannu biyu ina salati, yaron yana can gaba yana dariya. A ƙetare wani tsoho ya nuna mana kogon da ya ce a ciki aka haife shi. Ya nuna ramin tanderu a ƙasa, da 'yan gurabe a bango inda ake ajiye fitila, rufin har yanzu baƙi ƙirin da hayaƙi. Kabarin Mkhitar Sparapet, wanda ya gaji Davit Bek aka kashe shi a 1730, yana cikin kwazazzabon. Tsohon ya miƙo mana wani abin sha da ake tatsa daga 'ya'yan itacen tut, ɗana ya yi masa bayani cewa ba ma sha, sai ya koma ya kawo burodinsu na lavash da cuku.

Tatev kuwa sai wanda ya gani. Gidan ibadar ruhubanawa ne a bakin wani gangare da ya miƙe tsaye a kan kwazazzabon kogin Vorotan. Babbar majami'ar an gina ta tsakanin 895 da 906, kuma a ƙarni na 14 da na 15 jami'a ce, inda malaminsu Grigor Tatevatsi ya koyar. Kada a ɗauka wurin zuhudu ne kawai. Ƙauyuka masu yawa suna biyan shi haraji, har manoma suka yi masa bore a ƙarni na 10. Tun 2010 ana zuwa ta wani akwati da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe, mita 5,752, minti goma sha biyu kana lilo a sama. Abin da ya tsayar da ni a farfajiyar shi ne wani ginshiƙin dutse mai kusan mita 8 da suke kira Gavazan, wato sanda. Fiye da shekara dubu da suka wuce aka gina shi yadda zai karkata idan ƙasa ta motsa, sannan ya dawo daidai. Girgizar ƙasa ta 1931 ta rushe kubbar majami'ar, sandar tana nan tsaye. Yanzu an ɗaure ta da ƙarfe, ba ta motsi. Na zagaya ta sau uku ina neman inda maginin ya ɓoye dabararsa.

Sisiyan ban daɗe ba. Tudu ne mai iska, sai madatsun ruwa na Vorotan masu ba ƙasar wuta, waɗanda wani kamfanin Amurka ya saya a 2015, sai kuma wasu duwatsu sama da 200 da aka kakkafa a fili, wasu da huda a jikinsu. Wasu na cewa wurin duban taurari ne, masu tonon kayan tarihi na cewa maƙabarta ce. Sanyi bai bar ni na shiga gardamar ba.

Bayan dawowata abubuwa sun yi ta faruwa a wuraren da na sha shayi. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta Nuwamba 2020 ta ƙunshi batun buɗe hanya zuwa Nahcivan, kowane ɓangare da tasa fassarar. A watan Mayu 2021 sojojin Azarbaijan suka shiga yankin tafkin Sev da ke bakin iyakar Siyunik, a Satumba 2022 aka yi luguden wuta har kusa da Goris da Kapan. A Satumba 2023 kuma, cikin 'yan kwanaki, Armeniyawa sama da 100,000 suka baro Karabak, kuma Goris ce garin farko da suka sauke kaya, alhali yawansu ya kai kusan ninki biyar na mutanen garin. Na ga hoton dandalin a talabijin cike da katifu da buhuna, na gane bencin da na zauna a kai. Sannan a ranar 8 ga Agusta 2025 Firaministan Armeniya Nikol Pashinyan da shugaban Azarbaijan Ilham Aliyev suka sa hannu a fadar shugaban Amurka kan hanyar zuwa Nahcivan, wadda aka raɗa wa sunan Trump, inda Amurka za ta shiga aikin ginawa, Armeniya kuma ta ce ƙasar da dokar da ke kanta nata ne. Ina fatan alheri, don na ga abin da rufaffiyar hanya ke yi wa gari. Tashar Megri ta ishe ni misali.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Idan za ku sake buga labarin, ku kira lardin da sunansa, ku ambaci cewa akwai mutane a Megri da Agarak da gonakin rumman ɗinsu ke bakin layin. Sannan ku ce wa mai zanen taswira ya sa launin tudu da kwari, ya kuma ja kibiya ta biyu daga Yerevan zuwa gadar Aras, don mai karatu ya ga inda suka gicce. Idan yana buƙatar tsayin wuraren, suna nan a littafin aljihuna, na rubuta su a mota hannuna yana rawar sanyi. Sai dai ya yi haƙuri da tabon ruwan rumman a shafi na uku.

Na gode da ba ni fili. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon safiyo mai ritaya